Hadda ce kaɗai karatun likita? Amsa ga wani ɗalibi a Sakkwato

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin likitanci ne a nan Sakkwato. Na haye jarrabawar anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri, yanzu mun fara shiga asibiti. Da hadda da tsofaffin tambayoyin jarrabawa na ci, amma ga shi in babban likita ya tsare ni da "me ya sa?" a gaban gado sai kaina ya ɗaure, rabin abin da na haddace kuma ya gudu. Ana ta ce mana mu koyi zurfin tunani da tantance hujja, ba wanda ya nuna mana ta inda ake farawa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Wannan ɗaurewar kai babu likitan da bai sha ta ba, ni kaina na yi tsayuwar gunki a gaban gado ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Amma bari in fara da kare hadda, don na ga kana shirin ɗora mata laifin da ba nata ba. Wanda bai haddace inda babbar jijiyar nan ta sayatik ta ratsa ɗuwawu ba, babu zurfin tunanin da zai hana shi gurgunta ɗan mutane da allura. Mu da ke duba yara, da wuya shekara ta fita ba a kawo mana yaron da ke jan ƙafa bayan allurar kemis ba, tafin ƙafar ya saki, ba ya ɗaguwa. Da abin da ke cikin kai ake tunani, musamman ƙarfe 3 na dare, waya babu caji, babba kuma yana gida yana barci. Hadda tana nan daram. Yadda kuke yin ta ne ke da gyara.

Na san yadda ake yi. A ɗauko handawut, a ja layi da biro ja da kore, a karanta sau huɗu har ido ya saba da shafin, sai zuciya ta ce ai na iya. Sabon ido ne kawai. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan a kan ɗaliban jami'a. Rukuni ɗaya suka yi ta maimaita karanta wani ɗan rubutu. Ɗaya rukunin zama ɗaya suka yi da shi, aka karɓe takardar, aka ce su rubuto abin da suka tuna, har sau uku. Bayan minti 5 masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda labari ya sha bamban: masu rubutowa da ka sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40. Abin dariyar, masu maimaitawar ne suka fi cika baki cewa za su tuna.

Kai da ka taso a Sakkwato bai kamata sai Bature ya gaya maka wannan ba. Leƙa kowace makarantar allo. Almajiri ba ya wuni yana kallon allo. Yana biyawa, ya kife shi, ya kawo da ka a gaban malam, a tsayar da shi inda ya yi tuntuɓe, sannan ya yi ta tishin na baya kada ya zube. Gardi kuwa wanke allon yake yi ya rubuto da ka, ya kai a duba masa. Ya fitar da abin daga kansa tukuna, sannan ya ga ko daidai ne. Wannan ɗabi'a guda ita ce duk abin da zan ba ka, tun daga teburin karatu har gaban gado har takardar bincike: ka faɗi zatonka kafin ka ga amsa, ka kuma rubuta shi inda ba ka da halin musanta shi.

A teburi abin mai sauƙi ne. Rufe littafi, ɗauki farar takarda, zana saƙar jijiyoyin hammata daga C5 zuwa T1, wato saiwoyinsu da ke fitowa daga laka, da ka. Za ta fito a karkace, ba komai. Buɗe littafin ka gyara da jan biro, bayan kwana 3 ka sake, bayan mako 2 ka sake. Sannan ka ɗora mata majinyaci: jaririn da kafaɗarsa ta maƙale wajen haihuwa aka ja kansa da ƙarfi, ya fito hannu ɗaya a sake, a juye ciki, wane reshe ne ya ji ciwo? In da ƙafarka ka taka har C5 da C6, sun zauna ke nan. Masu Anki, manhajar katunan tishi, a waya, madalla, amma ka rubuta katunanka da hannunka, rabinsu su zama na "me ya sa". Tsofaffin tambayoyin jarrabawa ma ban hana ka ba, sai dai ka rufe amsar da tafin hannu har ka kawo taka. Gwajin da na fi amincewa da shi kuwa kyauta ne: zauna da gwaggonka ka bayyana mata da Hausa abin da ke kumbura ƙafar mai ciwon zuciya. In ka ji harshenka na neman tserewa zuwa Turanci, jimlolin littafi ka haddace, ma'anar ba ta shiga ba tukuna.

To, mu shiga asibiti, inda kanka ke ɗaurewa. Bari in ba ka labarin kunyar da na sha.

Ina sabon likita a wani asibiti da ba zan kira sunansa ba, tsakiyar damina, gadaje cike da yara masu zazzaɓin cizon sauro, wasu biyu-biyu a gado. Wajen ƙarfe 11 na dare aka shigo da wata yarinya 'yar shekara 9, tana amai, tana jan numfashi mai zurfi, idanu a lumshe, jiki da ɗan ɗumi. Uwar ta ce, "Likita, kwana ukku ke nan ba ta ci komi ba. Munka kai ta kemis anka yi mata allura, ba ta ji sauƙi ba." Takardar ɗakin gwaji ta dawo da alamar maleriya guda. Ita ce ta goma sha wani abu da na gani a daren da irin wannan kama, hannuna ma ya san abin da zai rubuta: maleriya mai tsanani. Tsinken auna suga ya ƙare a ranar, ni kuma na karanta cewa maleriya kan zubar da sugan yaro, sai na sa aka ɗaura mata ruwa mai suga don kandagarki. Har ina jin daɗin kaina, wai na yi hangen nesa.

Da Asuba yarinya ta ƙara nutsewa. Wata dattijuwar nas, wadda ta fara aiki tun ban shiga firamare ba, ta ja ni gefe ta nuna mini ƙarƙashin gadon. Fitsari ya zuba a siminti, kiyashi sun yi masa layi. Ta ce, "Ɗana likita, yarinyar da ta kwana uku tana amai, ina ta samo fitsari haka?" Sai a lokacin na yi wa uwar tambayar da ya kamata in yi tun ƙarfe 11. Ashe mako 3 ke nan yarinyar na shan ruwa kamar raƙumi, tana tashi fitsari cikin dare, tana ramewa. Ciwon suga ne irin na yara, jininta ya yi tsami, wannan numfashi mai zurfi kuwa jiki ne ke fafutukar rage tsamin ta huhu. Ni kuma na kwana ina ƙara mata suga. Allah ya yi da sauran kwananta, aka samo insulin, ta tashi.

Da a jarrabawa aka ba ni yarinyar nan da na ci, don na haddace babin tsaf. Abin da ya kayar da ni, na kama zato na farko na rungume, duk abin da na gani daga baya sai in cusa shi cikin zaton. Gwajin ma bai yi ƙarya ba. Da damina yara da yawa a nan suna yawo da ƙwayar maleriya a jini suna wasansu, samun ta bai nuna ita ta kwantar da yaro ba. Gwajin gaggawa na tsinke da ake yi yanzu ma yakan ci gaba da nuna alama makonni bayan an sha magani an warke.

Washegari na sayi ƙaramin littafi mai shiga aljihun farar riga. Duk majinyacin da na gani, kafin sakamako ya dawo, kafin babba ya buɗe baki, sai in rubuta a shafin hagu abin da nake zato, da wata cuta mai kama da shi wadda in ta kuɓuce mini za ta yi kisa, da abin da in na gan shi zan janye zatona. Shafin dama sai daga baya, abin da ya tabbata. Ba suna, ba lambar kati, shekaru da jinsi sun isa, amanar mutane ce. Dole sai an rubuta, don zuciya maƙaryaciya ce: da zarar babban likita ya faɗi amsa sai ka ji kamar dama abin da ke ranka ke nan. Takarda ba ta yi maka wannan kara. Bayan wata 3 ka bi shafukan, za ka tarar kurakuranka dangin juna ne. Nawa dai saurin yanke hukunci ne in gajiya ta kama ni.

Irin kuskurena ya taɓa aukawa yanki guda. A farkon 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, wadda har 1996 cikin jihar Sakkwato take, yara ƙanana suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa. Duk wanda ya yi aiki a ƙasar nan, ya ji jijjiga da zafin bazara, sankarau ko maleriya zai ce. Aka yi ta ba da magani, ba sauƙi. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sankarau suka ga abin bai zauna ba. Me ya sa waɗannan ƙauyuka ban da maƙwabtansu? Ashe duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, a tsakar gidan da yara ke rarrafe, duwatsun kuwa cike da dalma. Da aka auna jinin yaran, na da yawansu ya wuce iyakar abin da na'urar hannu ke iya karantawa. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu. Tambayar da ta buɗe ƙofar ba ta bukatar na'ura: wace sana'a ake yi a gidan nan? Duk ranar da magani daidai ya ƙi ci, kafin ka ce cutar ce mai taurin kai, koma ka tuhumi sunan da ka raɗa mata.

Shi ya sa nake takaici in na ga ɗalibi ya ɗauki tarihin ciwo a minti 3 ya ruga neman takardar gwaji. A 1975 an wallafa wani ɗan bincike a Ingila kan majinyata 80: a 66 daga cikinsu likita ya gano cutar daga wasiƙar turowa da hira kawai, tun bai taɓa jikin mutum ba. Kai kuma kana da abin da marubutan littattafanka ba su da shi, kana jin harshen majinyacinka. Sai dai jin Hausar ma da tarkonsa. Dattijo daga Illela ko Gwadabawa ya ce maka "sanyi ka damuna", kada ka rubuta komai tukuna. Sanyin wani ciwon gaɓoɓi ne, na wani fitar ruwa ta gaba, na wani mura, na wani raunin mazakuta da kunya ta hana shi faɗi. "Basir", wanda tun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan maganinsa, a bakin mutanenmu ya kwaso tun daga taurin bayan gida har dajin dubura mai zubar da jini. "Shawara" ma haka, wani idonsa ya yi rawaya, wani kasala ce da ɗacin baki. Majinyaci suna yake kawo maka, wanda aka riga aka yanke a gida ko wurin mai magani. Kai kuma sai ka kwance sunan ka koma ga abin da jiki ya yi. "Baba, da ya fara, me ka fara gani? Nuna mini wurin da yatsa ɗaya." In ka karɓi sunan yadda ya zo, kakarsa ce ta duba shi, kai hannu kawai ka sa.

Haka nan sunan da ɗakin gwaji ke kawowa. Ɗauki "taifot da maleriya" da rabin gari ke yawo da takardarsa. Gwajin Widal martanin garkuwar jiki yake aunawa, ƙwayar cutar kanta ba ya ganin ta, martanin kuwa kan tashi ga wanda ya taɓa yin cutar tun da daɗewa, ko aka yi masa rigakafi, ko yake fama da wani zazzaɓin daban, har da maleriya. Ɗauki biro mu yi lissafi. Lambobin nawa ne, don misali na ɗauke su. A ce mutum 1,000 sun zo da zazzaɓi, 50 ne masu taifot na gaske. A ce gwajin yana kama 80 cikin 100 na masu ita, ya kama 40 ke nan. A ce kuma yana yi wa 20 cikin 100 na marasa ita ƙazafi, cikin 950 ya ɗora wa 190. Mutum 230 ke riƙe da takardar taifot, 40 kaɗai ke da ita, bai kai 1 cikin 5 ba. Sauran 190 za su je su sha maganin taifot irin su sifro a banza, ainihin ciwonsu na can na cin su. Yanzu canza lamba guda: a ce ɓarkewa ake yi a unguwa, 500 cikin 1,000 ne masu cutar. Gwajin shi ne dai na ɗazu, amma yanzu cikin takardu 500 da suka nuna alama, 400 gaskiya ne. Ka ga ma'anar sakamako tana rataye da zaton da ka riƙe kafin ka tura jinin. Wanda bai yi zato ba tun farko, da me zai auna takardar?

Sai tantance abin da aka rubuta, wanda shi ma gadon gida kake da shi. Yaron Islamiyya ya san ba a karɓar hadisi don daɗin lafazinsa, sai an tambayi wa ya ruwaito, daga wa, ya riski wanda ya ce ya ji daga gare shi, yaya ƙarfin haddarsa. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mubarak cewa ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Abin mamaki, ɗalibin da zai tsare ka kan ingancin hadisi shi ne zai haɗiye jimlar handawut ba ko tauna. Alhali kowace jimla a littafin likitanci tana da isnadinta: wani ne ya ƙirga wasu mutane, a wani gari, a wata shekara. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya ƙi bin Jalinus, babban likitan Girkawa na dā, a kan cewa jini na ratsa wasu ƙananan kafofi a bangon tsakiyar zuciya. Ya ce babu kafa, ta huhu yake zagayawa, alhali an shekara kimanin 1,000 ana biya maganar Jalinus.

Ga misali daga ƙofar gidanmu. Ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya. Wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na nan Sakkwato, aka wallafa a 2007, ya samu mace 1 cikin kimanin haihuwa 100. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta da kunun kanwa. Bayanin ya kwanta a hankali: gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi na ƙara wa zuciya aiki. Haka muka haddace, haka muka koyar. Sai Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka tattara mata daga asibitoci da dama a Najeriya, suka kwatanta masu ciwon da masu jego lafiyayyu. A sakamakon da suka fitar a 2020, wanka da kunu ba su raba rukunan biyu ba. Rama da rashin karatu da rashin aikin yi da hawan jinin masu ciki ne suka fito, a wani aikin nasu kuma suka nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. Tambayar tana nan a gabanmu duk shekarun nan ba mu yi ta ba: a garin da kusan kowace mai jego ke wanka tana shan kunu, in marasa lafiya kaɗai ka tambaya, ai dole ka tarar duk sun yi. Ina lafiyayyun? Ita ma lambar 1 cikin 100 ka nemi isnadinta. Babban asibiti ne da ake turo masa masu tsanani daga Kebbi da Zamfara har da ƙetaren iyaka, yawancin matanmu kuwa a gida suke haihuwa, ba su shiga lissafin ba.

Akwai wanda ya fi wannan girgiza ni. Shekara da shekaru ana koyar da cewa yaro mai zazzaɓi mai tsanani da jininsa ba ya zagayawa sosai, a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya. Fiziyoloji ta goyi baya, ido ma ya goyi baya, don za ka ga yaron ya ɗan farfaɗo. Aka gwada a Yuganda da Kenya da Tanzaniya kan yara 3,141, aka raba su da ƙuri'a, binciken da ake kira FEAST, ya fito a 2011. Cikin awa 48, waɗanda aka ɗura wa ruwan da sauri kimanin 10.5 cikin 100 suka rasu, waɗanda aka bari da ruwa a hankali 7.3. Amma kada ka ji wannan ka hana mai gudawa ruwa, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Ba a sa yara masu gudawa ko masu tamowa mai tsanani cikin binciken ba, saboda haka bai ce uffan a kansu ba. Wannan ba a kanun takardar yake ba, yana can cikin sashen da ke bayanin yadda aka yi aikin, wanda ɗalibai ke tsallakewa. Ni daga nan nake fara kowace takarda: su wa aka ɗauka, su wa aka bari, da wa aka kwatanta, me aka ƙirga. Sai in kife ta, in rubuta abin da nake zaton za su samu, sannan in duba teburan da idona kafin in saurari abin da marubutan suka ce suna nufi.

Ka kuma saba da juya lamba ka ga bayanta. Binciken da ya sa muka bar kwinin muka koma atesunet ga yara masu maleriya mai tsanani a 2010 ya fito, yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Ilori. Aka ce ya rage mutuwa da kashi 22.5 cikin 100, kuma gaskiya ne. Buɗe ta: 10.9 cikin 100 ne suka rasu a kwinin, 8.5 a atesunet, tazara 2.4, wato sai ka yi wa yara kimanin 41 magani ka samu ƙarin rai guda. A cutar da ke cika mana gadaje duk damina wannan babban rabo ne. Sai dai ranar da wakilin kamfanin magani ya zo da biro da abincin rana yana cewa nasa "ya rage da rabi", tambaye shi rabin nawa. Daga 20 cikin 100 zuwa 10, ko daga 2 cikin 1,000 zuwa 1?

Na san abin da ke ranka: duk wannan ya yi, amma wa zai dubi babban likita ya ce masa "ina hujjarka"? Kada ma ka fara. Da kunyar manya aka rene mu, ban ga aibinta ba, aikin asibiti ma da ladabi ake koyonsa. Tambaya da ƙofarta. Ban da gaban majinyaci, ban da tsakiyar zagaye in ka ga ran maigida a ɓace. Bi shi bayan an tashi ka ce, "Ranka ya daɗe, don in ƙaru, ni na zaci kaza ne saboda kaza, ina na kauce?" Ka zo da zatonka a hannu, ka ba shi abin gyarawa, malamai kaɗan ne ba sa son irin wannan ɗalibi. In kuma shi ya tsare ka da "me ya sa", kada ka yi gum, kada ka yi ƙage. Faɗi iyakar saninka, ka gina sauran daga fiziyoloji a bayyane, ko ka faɗa rami zai ga hanyar da ka biyo. Wuri ɗaya ne ban yarda da jira ba: ka ga za a ba yaro magani ninki 10 na awonsa, ko za a ɗaura wa mutum jinin da ba nasa ba, yi magana nan take ko a gaban wa. Kuma kada ka raina nas. Ka dai ji wadda ta fisshe ni.

Furojet ɗinka na lafiyar al'umma yana tafe, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ka koyi lalube a rumbunan takardun bincike na intanet, PubMed da AJOL, ka riƙa leƙa Sahel Medical Journal da ake fitarwa a nan garin don ka ga cututtukanmu a rubuce, ka bar wa manhajar Zotero riƙon madogara. Ku haɗu ku uku ko huɗu, takarda guda a mako, kowa ya zo da aibi ɗaya da ya tono. Zaɓi ƙaramar tambaya da za ka iya amsawa da gaskiya. Ga asibitin yara masu cutar noma nan cikin gari, cutar nan mai cinye fuska wadda sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, tambayoyi na nan jibge. Zama a ɗakin kwana a cike takardun tambaya da sunan mutanen ƙauye kuwa, a fagenmu daidai yake da ƙirƙirar hadisi, wani zai zo ya gina magani a kai. ChatGPT da 'yan uwansa, ɗauke su kamar abokin karatu mai zaƙin baki da bai iya cewa "ban sani ba", yakan ƙago takarda da marubucin da babu su. Rubuta taka amsar tukuna, sannan ka ce ya soke ta, duk madogarar da ya miƙo maka ka nemo ta da idonka.

Gobe in za ku shiga zagaye, zaɓi gado ɗaya tak. Riga kowa zuwa, ka zauna da mai jinya minti 20, ka cika shafin hagu kafin ka buɗe folda. In littafin ya cika ka kawo mini, ranar Alhamis bayan La'asar ina ofis. Zan ciro maka nawa na farko daga durowa. Bangonsa ya yage, yarinyar nan mai kiyashi na sa a shafi na ɗaya, ɓangaren hagun nata kuwa fari fat, don ban rubuta komai ba a daren.